Na haɗa fej biyu a kan bakteriya ɗaya, sai ɗaya ta ɓace. Me ke faruwa?

Ummi_Agege ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin maikrobayoloji a gidan nan ku taimaka min, wani abu ne ya ɗaure min kai a aikin mastas ɗina. Ina aiki ne a kan fej, wato bairos ɗin nan da ba ruwansu da mutum ko dabba sai bakteriya kawai, su shiga cikinta su hayayyafa su fasa ta su fito. Na ɗebo ruwan kwata daga wajen mayankar Oko-Oba da wani lambatu a nan cikin Agege, na tace, na samu fej guda biyu da suke kashe E. coli ɗin da nake gwaji da ita, wadda aka samo daga fitsarin wani mara lafiya kuma ta ƙi jin yawancin antibayotik ɗin da muke da su. Ɗaya manyan tabo take yi a faranti, wato wuraren da suka washe inda ta kashe bakteriyar, garau da su, ɗayar kuma tabonta mitsi-mitsi ne sai ka ɗaga farantin sama wajen haske kafin ka gan su da kyau. Kowacce ita kaɗai tana aikinta lafiya lau, ruwan da ya yi duhu da bakteriya sai ka ga ya washe.

Toh shi ne malamin da ke duba aikin ya ce in haɗa su, tunda haka ake yi a maganin fej, ba a ba da guda ɗaya saboda kar bakteriyar ta saba da ita. Na haɗa, amma haɗin bai fi ba, wani lokacin ma mai manyan tabon ita kaɗai ta fi haɗin saurin washe ruwan, kuma abin da ya fi ba ni mamaki idan na ci gaba da ɗiban haɗin ina zubawa a sabuwar bakteriya, a hankali sai mai manyan tabon ta ɓace gaba ɗaya, 'yar ƙaramar ce kaɗai ke saura. Na maimaita ba sau ɗaya ba sau biyu ba, hakan dai yake fitowa.

Tambayata ita ce, wai fej suna faɗa da junansu ne? In eh, ta yaya abin da ko rai cikakke ba shi da shi sai DNA a cikin ƙoƙon furotin zai san akwai wani a wajen har ya hana shi? Akwai ƙwayoyin gado na musamman da ke wannan aikin ko sa'a ce kawai? Kuma me ya sa mai alamar rauni ce ke cin nasara? Ngd, Allah ya saka da alheri.

Baban_Khalifa (Idi-Araba) ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko dai ki kwantar da hankalinki, ba hannunki ba ne, abin da kika gani ɗin nan an gan shi tun 1942. Max Delbrück da Salvador Luria a Amurka ne suka zuba fej iri biyu a kan E. coli, waɗanda daga baya aka sa musu suna T1 da T2, kuma ba ma gasa suke nema ba, so suke ɗaya ta fasa bakteriyar da wuri don su leƙa su ga yadda ɗayar take ginuwa a ciki. Sai suka tarar duk bakteriyar da biyun suka shiga iri ɗaya tak ke fitowa daga cikinta, T2, ko da kuwa T1 ta riga ta shiga da 'yan mintuna. Kuma ki lura da wannan, T1 ita ce mai manyan tabo mai saurin fasawa, T2 ce mai ƙanana. Kin ga kusan hoton farantinki kenan.

Abin da suke rigima a kai ai a fili yake. Fej ba ta da injin yin furotin ko ɗaya, na bakteriya take amfani da shi, haka kayan gina DNA, haka makamashi, kuma bakteriya ɗaya ba ta da yawan abin nan, in fej biyu suka raba kowacce rabin 'ya'ya za ta samu. Toh duk wadda ta zo da ƙwayar gadon da za ta sa ta cinye duka ita kaɗai, zuriyarta ce za ta yi yawa a zagaye na gaba, a haka a haka har irin waɗannan ƙwayoyin gado suka taru. Ba sai ta san komai ba.

Bari in ba ki misali da T4, 'yar uwar T2 ce kuma ita aka fi yi wa nazari. DNA ɗinta ya kai wajen harafi 169,000, ƙwayoyin gado kusan 300, kuma da yawansu ba na gina kai da jela ba ne, na ƙwace gida ne. Abu na farko, T4 ba ta amfani da harafin C na yau da kullum a DNA ɗinta, tana canza shi ta kuma liƙa masa sukari, gulukos. Sannan sai ta saki enzayim irin na denA da denB masu daddatsa duk DNA ɗin da ke ɗauke da C na asali, ga kuma wani furotin ana ce masa Alc mai tsayar da karanta irin wannan DNA ɗin. Asalin abin don ta rushe DNA ɗin bakteriyar ne ta yi amfani da ɓaraguzan, amma duk wata fej mai C na asali da ta tarar a ciki ita ma wuƙar ba ta tambayar sunanta.

Abu na biyu shi ne ƙofa. Kin san yadda yake a gidajen hayarmu na Legas, wanda ya riga kama ɗaki abu na farko da zai yi shi ne canza kwaɗo, ko da wani ya zo da tsohon mukulli sai dai ya tsaya a waje. T4 tana da ƙwayoyin gado biyu na wannan aikin, imm da sp. Cikin 'yan mintuna da shigarta furotin ɗin imm yake zama a fatar ciki ta bakteriyar ya hana DNA ɗin wadda ta zo daga baya wucewa, sai ya maƙale tsakanin fata biyun a daddatsa shi a can, shi kuma na sp yana toshe enzayim ɗin da ke bakin jelar sabuwar mai huda bango. Kuma abin da zai ba ki mamaki, 'yan uwanta na jini ta fi yi wa wannan, T4 ɗin ma da ta makara ba ta tsira ba. T5 kuma nata salon daban, wani furotin take yi, Llp, ya je ya toshe FhuA, wato ainihin makamar da ita kanta ta kama ta shigo.

Sai batun ƙananan tabo, kuma nan ne nake so ki tsaya sosai. A ƙa'ida T4 tana fasa bakteriya cikin kamar minti 25 zuwa 30 a zafin 37. Amma idan wata T4 ɗin ta sake sauka a jikin bakteriyar tana ciki, wannan ya zame mata alamar cewa waje ya cika da fej kuma bakteriya ta yi ƙaranci, sai ta jinkirta fasawar har na awanni, ta ci gaba da tara 'ya'ya a ciki ninki-ninki. Furotin ɗin rI ne ke riƙe wanda zai huda fatar. Shi ya sa tabonta ke zama ƙanana masu dishi-dishi a baki. Alfred Hershey a 1946 ya samu waɗanda wannan tsarin ya lalace musu, su manyan tabo suke yi masu kaifin baki. Don haka ƙaramin tabo ba rauni ba ne, wani lokacin haƙuri ne. Ni dai zargina 'yar ƙaramar taki dangin T4 ce.

Alh_MaiKaji_Ikorodu ya rubuta:

Malamai ku gafarce ni in sa baki, ni ba ɗan boko ba ne sosai, kiwon kaji nake a bayan Ikorodu amma ina bin gidan nan saboda ana ƙaruwa. Abin da ya ja hankalina sunan E. coli ɗin nan, don shi likitan dabbobi ke kira min duk lokacin da kajina suka fara zawo da numfashi sama-sama suna mutuwa, kuma wallahi maganin da muke sa musu a ruwa shekarun baya ya yi aiki yanzu sai ka ƙarar da leda ba ka ga canji ba, a canza maka wani mai tsada shi ma haka. Wani yaro ɗan jami'a ya taɓa ce min akwai wasu ƙwayoyi masu cin ƙwayar cuta da za su maye gurbin maganin nan, na ji daɗi sosai. Yanzu kuma na ji kuna cewa su ma faɗa suke da junansu. Toh in haka ne ina amfaninsu gare mu? Kuma in suna nan cike a kwatocin Legas kamar yadda 'yata Ummi ta ɗebo, me ya hana su cinye ƙwayar kwalara da ta addabe mu a daminar 2024? Ku yi min bayani da Hausar da zan gane dan Allah.

Dr_Hauwa_Yaba ta rubuta:

Alhaji barka da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a kiwo. Tambayarka ta fi ta ɗalibai da yawa. Kuma ka san wani abu, kaji ne ma aka fara yi wa maganin fej kafin mutane. Félix d'Herelle, wanda ya raɗa musu suna a 1917, a 1919 ya gwada su a kan taifot ɗin kaji a ƙauyukan Faransa. A Tibilisi ta ƙasar Jojiya akwai cibiyar Eliava tun 1923 har yau suna haɗa maganin fej, a Amurka kuma tun 2006 hukumar FDA ta amince da wani haɗin fej shida da ake fesawa a kan nama don kashe bakteriyar Listeria. Amfani kam akwai shi. Abin da faɗan nasu ke koya mana kawai shi ne ba a kwaso su a zuba a kwalba ɗaya a ce an yi magani, sai an zauna an zaɓi waɗanda za su iya zama tare.

Babban abin da ake dubawa makama ce, wato wurin da kowacce ke kamawa a jikin bakteriya kafin ta shiga. T4 tana kama OmpC, wata fej mai suna lamda tana kama LamB wadda bakteriya ke shigo da sukarin maltos ta cikinta, T1 da T5 duk FhuA suke kamawa wadda ta shigo da ƙarfe ce. In ka haɗa biyu masu makama ɗaya, bakteriya canji ɗaya za ta yi ta kuɓuce wa duka biyun, ka yi asarar haɗin. In makamarsu daban ce sai ta yi canji biyu a lokaci guda, abin da ke da wuyar gaske. Kenan ko da ɗaya ta danne ɗaya a farko, wadda aka danne ɗin tana da rana, ita ce za ta tare 'yan tsirarun da suka kuɓuce wa ta farkon. Ummi wannan naki ne, kar ki auna haɗin da saurin washewar awannin farko kaɗai, ki bar shi ya kwana ki ga wanne ne bakteriya ke sake tsirowa a ciki.

Batun kwalara kuwa Alhaji, a nan ne labarin ya fi zurfi, kuma ni shi ne ya sa na kamu da son fannin nan. Ƙwayar kwalara, Vibrio cholerae, ita kanta ba da dafin aka halicce ta ba. A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka nuna cewa ƙwayoyin gadon dafin da ke sa zawon nan mai kama da ruwan shinkafa na wata fej ce, CTX, da ta shiga ta laɓe a cikin DNA ɗin bakteriyar tana bin zuriyarta. Wato akwai fej masu fasawa, akwai masu laɓewa, kuma mai laɓewa rayuwarta a ɗaure take da ta bakteriyar, don haka ita kare ta take yi.

Akwai kuma mai fasa ƙwayar kwalarar, ICP1, an same ta a bayan gidan marasa lafiya a Bangaladash. Sai aka tarar wasu ƙwayoyin kwalarar suna ɗauke da wani guntun DNA da ake kira PLE, yana kwance shiru ba ya komai har sai ICP1 ta shigo, tana shigowa sai ya farka ya hana ta yin ɗa ko ɗaya, ya saci kayan gininta ya naɗe nasa DNA ɗin a ciki, bakteriyar ta mutu amma maƙwabtanta sun tsira. Toh ita ICP1 me ta yi? A 2013 Kimberley Seed da abokan aikinta suka gano tana ɗauke da nata tsarin CRISPR, makamin da aka sani na bakteriya ne na yaƙar fej, ita ta ɗauko shi ta juya shi tana datsa PLE da shi. Kuma abin bai tsaya ba, in aka duba samfurin shekaru daban-daban sai a ga sabon PLE ya fito ICP1 ta sake makami, haka suke ta yi. Shi ya sa kasancewar fej a ruwan kwata bai isa ya kare unguwa ba, sai in wadda ke wurin ta dace da irin kwalarar da ta ɓarke kuma ta fi ƙarfin kariyarta a wannan lokacin. Ruwa mai tsafta da wanke hannu da ORS dai su ne namu har yanzu.

Ummi, ki tabbatar kuma babu mai laɓewa a cikin biyun naki. Lamda in ta laɓe tana yin furotin CI mai kashe bakin duk wata lamda da ta shigo daga baya, tana kuma da rexA da rexB waɗanda in wasu fej suka shigo sai su sa bakteriyar ta kashe kanta kafin baƙuwar ta haihu. T4 ta asali tana tsallake wannan tarkon da ƙwayoyin gadonta na rII, wadda rII ɗinta ya lalace kuwa ba ta iyawa, kuma da wannan bambancin ne Seymour Benzer ya yi aikinsa na 1955 na zana taswirar cikin ƙwayar gado. Mai laɓewa ba a sa ta a magani ko na mutum ko na kaji.

Sadiq_Mile12 ya rubuta:

Yaya Baban Khalifa da girmamawa, bayaninka ya yi amma ni ina ganin an yi saurin yanke hukunci. Ba duk ɓacewar fej ce ke nufin an yi dambe a cikin bakteriya ba. Gasa iri biyu ce, akwai ta hana abokin hamayya, irin wadda ka lissafo, akwai kuma ta riga shi cinye abincin kawai ba tare da an taɓa haɗuwa ba. Kuma girman tabo a faranti yana yaudara sosai wlh, saboda fej mai saurin mannewa a jikin bakteriya ba ta yin nisa a cikin agar, wato daskararren abincin bakteriya da ke cikin faranti, duk inda ta fito nan take sake kamawa, sai tabonta ya zama ƙarami, amma ka zuba ta a ruwa ana girgizawa ita ce za ta riga kowa. Lamda ɗin da ake amfani da ita a leb ma misali ce, a 1992 Roger Hendrix da Robert Duda suka nuna cewa ta rasa wasu zaruruwan gefen jela saboda harafi ɗaya da ya goce a ƙwayar gadon stf, ta asalin mai zaruruwan ta fi saurin kamawa kuma tabonta ya fi ƙanƙanta, mutanen leb ne suka zaɓi mai manyan tabo don ta fi daɗin ƙirgawa. Toh zai iya yiwuwa 'yar ƙaramar Anti Ummi ba ta da wani imm ko sp, hannu kawai gare ta.

Hanyar rabewa kuma mai sauƙi ce, MOI, wato fej nawa ke kan kowace bakteriya ɗaya. Ki yi gwajin sau biyu, ɗaya fej kaɗan bakteriya jingim yadda da wuya biyu su haɗu a ƙwaya ɗaya, ki kuma ɗiba ki canza musu sabuwar bakteriya kafin ruwan ya washe, ɗayan kuma fej su fi bakteriya yawa sosai yadda kusan kowacce sai biyun sun shige ta. In ƙaramar tana cin nasara a duka biyun toh gudu ne. In kuma babbar ce ke gaba a na farko amma ƙaramar ta danne ta a na biyu, shikenan Yaya ya yi gaskiya, a ciki ake kashe ta.

Kuma fa MOI ba wai bayyana gasar kawai yake ba, canza fej ɗin yake da kansa. Paul Turner da Lin Chao a 1999 sun yi ta renon wata fej mai RNA, phi6, a cunkushe, har wani iri ya fito da ya ƙware wajen cin kayan da wasu suka ƙera a cikin bakteriyar shi bai ƙera nasa sosai ba. Da suka auna, in na asali biyu suka haɗu ribar kowanne 1 ce, macucin in ya haɗu da na asali yana samun 1.99 ya bar wa na asalin 0.65, amma in macuta biyu suka haɗu kowa 0.83. Kin ga macucin zai mamaye wurin kuma bayan ya mamaye kowa ya koma ƙasa da inda aka fara. Wannan ya shafi duk mai renon fej don magani, in kana ta juya su a cunkushe kana iya wayar gari da wadda ta iya cin 'yan uwanta amma ta rage iya kashe bakteriya.

Wanda ya fi burge ni dai na kwanan nan ne. Akwai wasu ƙwayoyin gado masu son kai da ke zama a tsakiyar wata ƙwayar gadon ko a tsakanin ƙwayoyin gado biyu, suna yin enzayim mai yanka DNA a daidai wurin da su ba sa nan don a kwafe su a liƙa a gurbin. An daɗe da sanin T4 cike take da irinsu, in ta haɗu da T2 a bakteriya ɗaya 'ya'yan sun fi gadon ɓangarorin T4, kuma a 2002 aka nuna wani enzayim na T4 mai suna SegF na cikin masu wannan aikin. An ɗauka kaya ne kawai fej ke ɗauke da shi ba ribar komai. Sai a 2024 wasu masu bincike a jami'ar Kalifoniya ta San Diyego suka wallafa a mujallar Science cewa a cikin manyan fej biyu na bakteriyar Pseudomonas aeruginosa, PhiPA3 da PhiKZ, ta farkon tana da irin wannan enzayim ɗin a tsakiyar ƙwayar gadon RNA polymerase ɗinta, wato enzayim mai karanta DNA, in sun haɗu sai ya je ya yanka ta PhiKZ a daidai wannan wurin har ta kasa kammala haɗa 'ya'yanta, ita kuma mai shi ba ya yanka ta saboda zamansa a wurin ya riga ya raba layin da yake nema gida biyu. Kuma waɗannan fej ɗin har wani ƙoƙo suke ginawa su ɓoye DNA ɗinsu a cikin bakteriya wanda CRISPR ma ba ya iya shiga, amma na 'yar uwa yana wucewa tunda ƙofar ta ɗauka na gida ne. Irin wannan makamin sai a kan dangi na kusa yake aiki, don haka in naki biyun dangin nesa ne ba shi ba ne.

Ummi_Agege ta rubuta:

Kai jama'a Allah ya biya ku, wlh na samu abin rubutawa a babi na biyu ma. Malam Sadiq duk gwajin da na yi a cunkushe ne, fej sun fi bakteriya yawa, don haka zan yi ɗayan in gani. Anti Dr. Hauwa tabon duka biyun ba su da hazo a tsakiya irin na mai laɓewa, amma zan ɗebo waɗanda suka sake tsirowa in gwada su. Matsalata yanzu biyu ce. In na zuba haɗin a faranti manyan tabon suna haɗiye ƙananan in sun yi kusa, ƙirgar ba ta fita daidai, ta yaya zan ƙirga kowacce daban? Na biyu kuɗin karanta jinom, wato ɗaukacin DNA ɗin duka biyun, ya fi ƙarfina yanzu, daga aljihuna nake komai har agar, akwai abin da zan iya yi da kayan da ke leb kawai da zai nuna a ciki ake hana ta? Yaya Baban Khalifa kai nake jira.

Baban_Khalifa (Idi-Araba) ya rubuta:

Sadiq ka yi gaskiya, gwajinka shi ne na farko kafin komai, amma ina nan a kan zargina, don gudu kaɗai ba ya bayyana dalilin da zai sa haɗin ya fi babbar ita kaɗai jinkirin washewa. Wannan jinkirin alama ce ta cewa ƙaramar ta shiga ta riƙe bakteriyar ta ƙi fasawa kuma ta hana mai saurin fasawar yin aikinta. Faranti zai raba mu.

Ƙanwata matsalar ƙirga bakteriyar da kanta za ta warware miki ita, haka ma Delbrück da Luria suka yi. Ki zuba fej ɗaya mai yawa a kan bakteriyarki a faranti ki bar shi ya kwana a inkubeta, da safe za ki ga 'yan ɗigo-ɗigo sun tsiro a tsakiyar wurin da ya washe, waɗannan su ne suka kuɓuce mata. Ki tsinto su ki tsarkake su sosai, ki yi haka ga ɗayar ma. Yanzu kina da bakteriya mai ƙin A da mai ƙin B. In kin zuba haɗin a kan mai ƙin A tabon B kaɗai zai fito, a kan mai ƙin B na A kaɗai, ba sauran dogaro da girman tabo. Kuma a nan take za ki samu amsar Dr. Hauwa kyauta, in mai ƙin A ta ƙi B ma toh da alama makamarsu ɗaya ce ko kuma akwai mai laɓewa, in ba ta ƙi ba makamarsu daban.

Na biyun kuma agogo kawai kike buƙata. Ki sa ƙaramar ta riga shiga, ki jira minti 2 a wani bututun, 5 a wani, 10 a wani, sannan ki ƙara babbar, sai ki juya tsarin babbar ta riga. Bayan sun manne ki wanke ragowar da ba su kama ba da santirifuj ki tsinka ruwan sosai don kar a sake sabon zagaye, ki jira su fashe ki ƙirga 'ya'yan kowacce a kan bakteriyoyin nan biyu. In babbar tana mannewa daidai, wato ta ragu a ruwan sama, amma 'ya'yanta ba sa fitowa, kin kama ta, a ciki ko a bakin ƙofa ake tare ta. In ko mannewar ce ma ta daina bayan ƙaramar ta shiga toh irin na T5 ne, an toshe makama. In kuma ƙaramar tana danne ta ko da ta zo daga baya, wannan ya fi kama da daddatsa DNA. Ki tabbatar zafin ruwan bai sauka ba a tsakiyar gwajin, in wuta ta ɗauke ki sake daga farko don mintunan nan da zafi suke tafiya.

Jinom kuma ki ajiye shi zuwa ƙarshe, ki adana kowacce daban a firij ba a firiza ba, da kwafi fiye da ɗaya. In sakamakon nan ya fito tsaf kina da abin da za ki nuna in kin je neman haɗin gwiwa, ki fara tambaya a cibiyar binciken lafiya ta NIMR nan Yaba ko cibiyar ACEGID da ke Ede, duk suna da injin karanta jinom. Alhaji kai kuma in 'yarka Ummi ta gama da wannan, ka ba ta kashin kajin da suka kamu da ruwan kwatar gonar, a can ne za a fi samun fej ɗin da ta dace da E. coli ɗin da ke kashe maka su.